Amsa: Sabar imel a gida, saƙo ba ya shigowa

Salamu alaikum, ɗan'uwa na Aboabo. Ka ce ka girka Postfix, manhajar sabar imel, a tsohuwar kwamfutarka, ka buɗe ƙofa 25, wadda imel ke shigowa ta cikinta, a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, amma saƙo ko ɗaya bai shigo ba.

Kafin ka ƙara taɓa komai, shiga shafin rautar ka duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin intanet ya ba rautar. In lambarsa ta farko kafin ɗigo 10 ce, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan CGNAT ne: kai da jama'a da yawa kuke raba adireshi ɗaya na waje. Ko ka buɗe ƙofa ɗari, ba wanda zai iso gare ka. Layukan sim galibi haka suke. Sai ka tambayi kamfanin intanet ɗinka adireshin waje tsayayye, ka kuma tambaye su ko sun toshe 25.

In ka samu, ba kwamfutar adireshin da ba ya canjawa a cikin gida, tura mata ƙofofi 25, 587 da 993, sannan MX ɗinka, wato bayanin da ke faɗa wa masu aikowa inda za su kai imel ɗinka, ya nuna sunan sabar.

Aikawa ce mai wuyar. Tun Fabrairun 2024 Gmail na neman SPF ko DKIM, hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga gare ka yake, da PTR mai daidai, wato bayanin da ke haɗa adireshinka da sunan sabar, shi kuwa PTR kamfanin da ya ba ka adireshin ne kaɗai ke saita shi. Ni da zan ba ka shawara, kama ƙaramar VPS, wato sabar haya a intanet, ta riƙa fitar maka da saƙo.

Dumsor kuma, wato ɗauke wuta, kar ya dame ka sosai. Sabar mai aikowa kan sake gwadawa har kwana 4 ko 5. Amma sa UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, don yankewar wuta farat ɗaya na iya lalata fayil.