Shin da gaske ne kowane gida a Hawai yana da dabbar da ke tsaronsa?

Tambaya: Malam, wani abokina da ya yi karatu a Amurka ya gaya mini cewa 'yan asalin tsibiran Hawai suna ɗaukar wasu dabbobi, musamman kifin shak da mujiya, a matsayin masu tsaron gidajensu, har ma akwai waɗanda suke kiran kifin kakansu. Shin bauta wa dabbar suke yi? Kowa ne yake zaɓar dabbar da ta yi masa? Kuma ko abin yana da kama da abin da muke ji game da kan gida a wurin Maguzawa?

Amsa: Abin da abokinka ya ji yana da tushe, kuma sunansa a harshen Hawai aumakua. A cikin kalmar akwai makua, wadda take nufin mahaifi ko mahaifiya ko duk wanda yake sahunsu a dangi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda maganar ta dosa. A imanin mutanen Hawai na gargajiya, aumakua wani ne daga cikin kakannin gidan da ya rasu, wanda bai yanke hulɗa da zuriyarsa ba, kuma yana iya bayyana gare su a jikin wata halitta. Saboda haka idan mutumin Hawai ya kira kifin shak kakansa, dangantakar jini yake nufi, kuma dabbar a wurinsa jiki ce da kakan yake shiga. Suna da kalmar kinolau, wato jikuna masu yawa, domin bayyana yadda ruhi guda yake iya ɗaukar siffofi daban-daban.

Siffofin da aka fi sani su ne mano, wato kifin shak, da pueo, wata mujiya da take farauta da rana, da io, wani shaho da ake samu a babban tsibirin Hawai, da honu, kunkurun teku, da puhi, wani kifi mai kama da maciji, da kuma mo'o, wanda ake siffanta shi da ƙadangaren ruwa mai zama a tafkuna da ƙoramu. Akwai gidajen da nasu ɓera ne ko kare ko tsutsa, akwai kuma waɗanda nasu dutse ne ko gajimare ko wani tsiro, don haka kiransu dabbobi masu tsaro bai game duka ba. Bahaushe zai yi mamakin ganin mujiya a wannan sahu, tunda a wurinmu tsuntsuwa ce da ba a son jin kukanta a kan rufin ɗaki, amma a Hawai tana cikin mafi daraja. Suna da wani tsohon labari na wani mutum mai suna Kapoi a tsibirin Oahu, wanda ya mayar wa wata mujiya ƙwayayenta bayan ya ɗebe su zai gasa, daga baya kuma da sarki Kakuhihewa ya yanke masa hukuncin kisa, sai mujiyoyi suka taru daga tsibirai suka yaƙi dakarun sarkin a Waikiki har aka sake shi.

Inda baƙi suka fi yin kuskure shi ne zaton cewa gidan da aumakua ɗinsa kifin shak ne yana ɗaukar duk wani kifin shak da ke teku a matsayin kaka. A bisa abin da masana 'yan ƙasar suka rubuta, kifi guda ne takamaimai, mai suna, mai alamomin da aka san shi da su a jiki, mai wurin da yake zama a gaɓar da gidan yake kamun kifi. Masanin tarihi Samuel Kamakau, wanda ya rasu a 1876 bayan ya shafe shekaru yana rubuta al'adun mutanensa a jaridun harshen Hawai, ya yi bayanin wata al'ada da ake kira kakuai, wadda ta hanyarta ake mayar da mamaci aumakua. Dangi sukan naɗe gawa ko ƙasusuwan mamacin a cikin ƙyallen da ake bugawa daga ɓawon itace, su kai bakin teku tare da alade da abin sha na saiwar awa, mai kula da al'amarin kuma, wanda ake kira kahu, ya yi ta addu'o'insa har sai an ga wani kifi da alamar da ta dace da ƙyallen da aka naɗe mamacin da shi. Daga ranar wannan kifi ya zama nasu. Gidajen da suke danganta kansu da Pele, wadda suke ɗauka uwar dutsen nan mai aman wuta na Kilauea, sukan kai ƙasusuwan nasu ramin Halemaumau da ke kan dutsen, masu dangantaka da mo'o kuma su kai ruwan daɗi.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta farko, wato batun bauta. Addinin Hawai na dā yana da manyan alloli huɗu, Kane da Ku da Lono da Kanaloa, waɗanda sarakuna da manyan bokayen fada suke yi wa hidima a wuraren ibada da ake kira heiau. Aumakua kuwa na cikin gida ne, kuma talaka ya fi kusa da shi fiye da waɗancan. Ana roƙonsa, ana ajiye masa abinci da awa, don haka babu shakka akwai ibada a ciki bisa ma'anar da muka san kalmar, sai dai yanayin hulɗar ya fi kama da na jika da kakansa. Masunci yakan jefa wa kifin gidansu wani abu daga farkon kamunsa, yana kuma sa ran kifin zai koro masa kifaye cikin koma, ko ya raka shi gaɓa idan kwalekwalensa ya kife. An yi imani aumakua yana gargaɗi ta mafarki ko ta wata alama da suke kira hoailona, yana kuma iya kawo sunan jariri a mafarki, sunan da ake kira inoa po, wanda ake tsoron ƙin sa wa yaro don kada ya yi ta ciwo. Haka nan yana horo. Wanda ya ci naman halittar gidansu, ko ya cutar da ita, ko ya ci amanar ɗan'uwa, ana ganin cuta za ta iya kama shi, kuma maganin yakan haɗa da zaman sulhu na dangi da ake kira hooponopono, inda kowa yake faɗin laifinsa a yafe wa juna. Mary Kawena Pukui, wadda aka haifa a yankin Kau a 1895 ta kuma rasu a 1986, ita ce ta fi kowa adana irin wannan bayani daga bakin dattawa.

Aikinsa mafi nauyi a wurinsu yana zuwa ne bayan mutuwa. Sun yi imani rai yakan tafi wani wuri a bakin tsibiri da ake kira leina, kamar wanda yake a Kaena a ƙarshen yammacin Oahu, inda zai yi tsalle zuwa duniyar kakanni, kuma aumakua ne yake tarbarsa ya shigar da shi cikin dangi. Wanda ya wofintar da nasa tun yana raye ba shi da mai tarba, sai ya zama rai mai gararamba a busassun filaye yana cin gizo-gizo da ƙwari. A ganina wannan hoton ne ya fi bayyana abin da al'adar take tsoro, wato mutum ya zama ba shi da kowa.

Game da zaɓi kuwa, amsar ita ce gado ake yi. Mutum yana samun aumakua ta wajen uwa da ta wajen uba, don haka yana iya samun fiye da ɗaya, kuma dattawan gida, waɗanda ake kira kupuna, su ne suke sanar da yara. Abin da ake tallata wa masu yawon buɗe ido, cewa kowa ya duba halinsa ya zaɓi dabbar da ta dace da shi, ko ya sayi abin wuya mai siffar kunkuru ya ce ya sami mai tsaro, baƙon abu ne da 'yan ƙasar da yawa suke ƙyama. Gidaje da dama ma ba sa faɗa wa bare sunan nasu.

Kwatancin da ka yi da kan gida yana da ƙamshin gaskiya ta fuskar cewa a wurare biyun abin na zuriya ne, ana gadonsa, kuma akwai hani ga kashe halittar ko cin namanta. Bambancin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa a Hawai an fito fili an ce wane ne, ɗan gidan nan da ya mutu, kuma akan iya ambaton sunansa a jerin kakanni. Babu wata alaƙar tarihi tsakanin al'adun biyu.

Dalilin da ya sa wannan imani ya rayu har yau yana cikin tarihin ƙasar. A 1819, bayan mutuwar sarki Kamehameha na ɗaya, ɗansa Liholiho tare da biyu daga cikin matan marigayin, Kaahumanu da Keopuolani, suka rushe tsarin haramce-haramcen addini da ake kira kapu, aka watsar da manyan wuraren ibada, sannan a 1820 masu wa'azin Kirista suka iso daga Amurka. Addinin fada ya faɗi da sauri domin ya dogara da sarki, amma abin da ake yi a cikin gida da bakin teku ba shi da ginin da za a rushe, sai ya ci gaba a ɓoye, har a gidajen da suka karɓi Kiristanci. An kifar da sarauniya Liliuokalani a 1893, dokar 1896 ta mayar da Turanci harshen koyarwa, Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898, kuma a wannan tsakani gidaje da yawa suka rasa harshensu tare da sanin kakanninsu. Duk da haka, lokacin da wurin gyaran jiragen ruwa da sojojin Amurka suke ginawa a mashigin ruwan Pearl Harbor da ke Oahu ya rufta a 1913, 'yan ƙasar sun danganta abin da cewa an yi ginin ne a kan mazaunin dangin Kaahupahau, kifin shak mace da suke ɗauka mai tsaron wannan ruwa. Farfaɗowar al'ada ta shekarun 1970, wadda ta kai ga amincewa da harshen Hawai a matsayin harshen hukuma a 1978, ita ta ba mutane ƙarfin yin maganar a fili.

A yau za ka ga tasirinsa har a dokokin jihar. Tsakanin 1959 da 1976 an kashe kifayen shak fiye da 4,000 a shirye-shiryen da hukuma ta ɗauki nauyi don kare masu wanka a teku, amma a 2010 Hawai ta zama jiha ta farko a Amurka da ta haramta mallaka da cinikin fiffiken kifin, kuma daga 1 ga Janairu 2022 ta haramta kama shi da gangan a ruwanta, inda matsayinsa a al'adar 'yan ƙasa ya kasance cikin hujjojin da aka gabatar tare da na masana muhalli. Hankakan Hawai da ake kira alala, wanda wasu gidaje suke ɗauka aumakua, ya ɓace daga daji a 2002, ya rage sai waɗanda ake kiwo a killace ana ƙoƙarin mayar da su daji, kuma ga gidajen da suke danganta kansu da shi wannan aiki magana ce ta dawo da ɗan'uwa gida.