Hawa, Ninki ko Ɓawo?

Wani ɗalibin kwamfuta daga Gusau ya rubuto: "Malam, ana koya mana tsarin sadarwa kashi bakwai, wani bisa wani. Wace kalma ce ta dace? Abokaina leya suke cewa."

Ɗana, ka ce musu su bar leya, wato "layer" ta Turanci, kada a zaci ragon Babbar Sallah ake nufi. Bahaushe bai tara wannan ma'ana a kalma ɗaya ba, yanayin abin yake dubawa. In an ɗora wani kan wani, na sama ya dogara da na ƙasa, hawa ke nan, kamar bene mai hawa uku. Tsarin naku, wanda ISO, hukumar tsara ma'aunai ta duniya, ta fitar a 1984, haka yake: hawa na ɗaya waya ce da siginar da ke bin ta, na bakwai shi ne mafi kusa da manhajar da kake taɓawa. Ka ce hawa bakwai, ka huta. Almajiri kuwa ɗabaƙa zai ce maka, don aya ta 3 a Suratul Mulk da wannan saiwa ta siffanta sammai bakwai.

Amma abin da ke ba ni haushi, yanzu an mai da "mataki" jakin kowa. Na ji wani a rediyo yana cewa matakan ƙasa! Mataki ai takawa ake yi a wuce. Je ka tsaya bakin rijiyar da ake haƙa. Mai haƙa zai ce ya wuce turɓaya, ya shiga jar ƙasa, ya ci karo da marmara a gaba huɗu, yana fatan yashi mai damshi. Kowace ya san sunanta, kuma shimfiɗe suke, wata kan wata. Masu haƙar zinariya a Anka ma da launin ƙasa suke gane inda suka kai. Wannan shimfiɗa ce.

Wata malama daga Jega: "Ninki da riɓi ɗaya ne?"

A lissafi sun haɗu. A tufa, ninki za ki ce.

Wani manomi daga Aliero: "Me ake nufi da albasa ba ta yi halin ruwa ba?"

Ɗa bai gado halin kirkin iyayensa ba. Kai da ke ban ruwa ka fi ni sani. In an koma batun leya kuwa, na albasarka ɓawo ne, tunda lulluɓe juna suka yi.