Amsa ga Hajiyar da za ta Maldibs da olsa a cikinta

Hajiya, da na ga tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce ke da maigida za ku yi kwana 7 a Maldibs, ƙasar tsibiran nan da ke Tekun Indiya, kina son abincin Indiya da na 'yan Bangaladash, amma kina da olsa, kuma ba kya son aljihu ya huje. Ciwonki nawa ne, don haka ki yi haƙuri da tsawon maganata.

Yajinsu ba irin namu ba ne. Mu yaji a gefe yake, mai so ya barbaɗa. Su kuwa a cikin mai ake soya busasshen barkono tun farkon girki, sannan a yanka ɗanyen koren barkono a ƙara. Babu abin da za ki tsince ki ajiye gefe. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu kawo abincin nan. Ki tambayi mutum akwai yaji, ya yi miki murmushi ya ce babu, alhali a wurinsa barkono uku ba yaji ba ne. Ba shi zai kwana a durƙushe yana riƙe da ciki ba, ba shi ya biya kuɗin jirgi ya zo ya ƙare hutunsa tsakanin gado da banɗaki ba. In kin koma kin yi ƙorafi, murmushin nan dai za ki sake samu. Allah ya isa ma ba ta da wurin zama, don shi a ransa gaskiya ya faɗa. To ki yi masa da yarensa. Yaji a Bangalanci "jal" ne. "Jal kom" a rage yaji, "jal cara" ban da yaji sam. Ki ce "bai, jal cara", wato ɗan'uwa, ban da yaji. Da yawa daga cikin masu aiki a ƙananan gidajen abinci na Male, babban birnin ƙasar, da Hulhumale da ke kusa da shi 'yan Bangaladash ne, za su gane.

Amma wannan sai a abin da za a dafa miki sabo. Miyar da ke cikin tukunya tun safe ba ta da gyara.

Garkuwarki ita ce dal. Miyar adas ce mai ruwa-ruwa, adas ɗin nan ja da muke gani a Makka, da kurkur da tafarnuwa. Ki malala ta a kan farar shinkafa, ki ɗebi naman ko kifin kaɗan, ki bar romon. Man da ke tasowa ja a saman miya, nan zafin yake kwance. Kicuri ma yana da sauƙi, shinkafa ce da adas a tukunya ɗaya kamar dafa-dukanmu.

Borta fa, ki yi hattara, duk da ita ce ta fi daɗi. Dafaffen dankali ne ko gasasshen baƙin yalo, a murje da hannu, a sa ɗanyar albasa, barkono da ɗanyen man hardal, wato mastad. Man nan yana hawa hanci har ido ya kawo ruwa, kuma ba ya shiri da olsa. Ga shi da hannu ake murza ta, ba a ɗumama ta. Wadda aka yi da hantsi ta kai dare a zafin nan, ita ce ke kawo gudawa, mutane su ɗora wa barkono laifi. Ki ci tsakanin 12 da 2 na rana, lokacin da ma'aikata suka cika wurin, cokali ɗaya don ɗanɗano. Ta busasshen kifi, shutki, kada ma ki fara.

Za a yi ta yaba miki ilish, kifin da Bangalawa ke ji da shi, wanda ake dafawa da niƙaƙƙen hardal. Ba kifin tekun Maldibs ba ne, daga can yankin kogunan Padma da Megna ake kawo shi a daskare. Ƙayoyinsa sirara ne kamar gashi, wasu masu baki biyu, a cikin tsokar suke ba a tsakiya kawai ba. Su tun suna yara suka koyi tsince su da yatsu. In ƙaya ta maƙale, kada ki bi ta da dunƙulen shinkafa, ƙara tura ta yake yi. Ki je asibitin tsibirin. Ga kifin tuna ɗanye shar da aka kamo ranar, me zai kai ki? Ki nemi garudiya, romon tuna ne tsararo, sai ke ki matsa lemon tsami, barkonon a gefe yake zuwa. Da safe akwai mas huni, tuna da kankararriyar kwakwa da albasa, ana ci da roshi, siririyar gurasa. Barkonon 'yan Maldibs ɗan'uwan attaruhu ne, ki faɗa wa mai masaukin tun da dare kada a sa.

Kacci biriyani kuwa ki ci, ko sau ɗaya. Ɗanyen naman akuya ake jiƙawa a kindirmo da kayan ƙamshi, a shimfiɗa shinkafa da dankali a kai, a liƙe murfin da kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya turaru a hankali. Ƙamshi ne ya fi yawa, ba zafi ba, sai dai maiƙo. Faranti ɗaya ya ishe ku ku biyu, kuma kada ki ci ki kwanta. Borhani da ake kawowa tare, kindirmo ne da na'a-na'a da baƙin gishiri. In kin ji warin dafaffen ƙwai, gishirin ne, bai lalace ba, amma akwai barkono a ciki. Ki musanya shi da mishti doi, kindirmo mai zaƙi. Tehari, shinkafa da nama mai yaji, da kala buna, naman da aka soya da yaji har ya yi baƙi, na maigida ne, ba naki ba.

Maganar kuɗi. A manyan otal-otal na tsibiran shaƙatawa in kin ga ++ a gaban farashi, akwai kashi 10 na hidima, sannan harajin yawon buɗe ido kashi 17. Abincin dala 20 zai tashi kusan dala 26. Kuma a can ne ake sayar da giya da naman alade, sai ki riƙa karanta abin da aka rubuta a gaban kowane kwano. A tsibiran da mutane ke zaune, irin su Mafushi, babu wannan fargabar, doka ta hana. Ki canza rufiya, kuɗin ƙasar, kaɗan don ƙananan wurare. Ranar Juma'a shaguna na rufewa sai bayan masallaci, yawancin jiragen ruwan gwamnati ma ba sa tashi, ki tanadi abin taɓawa tun Alhamis.

In an miƙo miki yankakken abu mai kama da goro da ganye bayan cin abinci, ki ce kin gode. Yana sa jiri ga wanda bai saba ba.

Ki tafi da maganin olsarki na kwana 10 ba 7 ba, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa kamar guda 6, ki sha ruwan roba kawai. Af, katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ki sa shi cikin fasfo tun yanzu, ana neman sa ga wanda ya taso daga Najeriya.