Amsa ga mai tambaya kan farin shampen na baƙin inabi

Ɗan'uwa, ka ce an rubuta Blanc de Noirs, wato farin shampen na baƙin inabi, a jikin kwalba, ka zuba ka ga fari, har kana zargin jabu aka sayar muku. Kwantar da hankalinka, ba jabu ba ne. Ruwan Pinot Noir da Meunier, nau'ukan baƙin inabin da ake yin sa da su, ba shi da launi, baƙin a ɓawo yake. A yankin Champagne na Faransa da hannu ake tsinko inabin, a matse a hankali, a raba ruwan da ɓawon tun kafin ya rina shi.

Ni a kan wannan aka ci mutuncina a wurin aiki, lokacin da nake hidimar baƙi. Baƙo ya nemi irin wannan shampen, na kawo na buɗe, sai ogan da ke kanmu ya taso wai na ɗauko kwalbar da ba ita ba, ai na baƙin inabi ja ne. A gaban jama'a ya kira ni baƙauye. Ina tsaye riƙe da kwalbar, hannuna na rawa, ruwan ƙanƙara na ɗiga a kan takalmina. Baƙon da bakinsa ya ce daidai na kawo, amma ƙarshen wata sai da mutumin nan ya zaftare mini albashi. Ko haƙuri bai ba ni ba, har na bar wurin. In na tuna, har yau raina na ɓaci.

Kada ka sanyaya shi ya wuce kima, digiri 8 zuwa 10 ya isa, sanyi da yawa yana kashe ƙanshin. Ka ɗaga kofin ka kalle shi ta jikin farin ƙyallen tebur, za ka ga ruwan zinariya ne mai ɗan karkata ga jan ƙarfe. Ka shinshina kafin ka kurɓa: ƙanshin jan tuffa, sai na ɓawon burodi, wanda ke samuwa daga zaman wata 15 ko fiye da yake yi a kwalba. A baki ya fi shampen na farin inabin Chardonnay nauyi, shi ya sa yake tafiya da gasasshiyar kaza, amma yaji mai yawa yana danne shi. In ka ga Bouzy ko Ambonnay a takardar kwalbar, garuruwan Pinot Noir ne.

Wajen buɗewa riƙe murfin gam, kwalbar za ka juya. Kuma don Allah duk odar da baƙo ya ba ka, ka rubuta a gabansa ka ajiye kwafinka, ko da oganku mai fara'a ne.