Kaska a jikin yaro: me ya kamata a yi?

'Yar uwa, kin ce kin ga kaska a bayan kunnen ɗanki bayan ya yi wasa a garken tumaki, kina neman yadda za ki tsare gida.

Ki sa hantsaki ki kama ta dab da fata, ki ja a hankali, kai tsaye, ba murɗawa. Kada a ɗiga mata kananzir ko a ƙona ta da ashana, kuma kada a murtsuke ta da farce, domin ana iya samun ƙwayar cuta a cikin jinin da ta sha. Ki wanke wurin da sabulu.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wanda kaskar shanu da tumaki ke yaɗawa. Dabbar ba ta nuna alamar ciwo, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na mutanen da ya kama. Jinin dabbar ma yana yaɗa shi, shi ya sa mai fiɗar ragon layya ya kamata ya sa safar hannu.

A nemi likitan dabbobi ya ba da maganin feshi, a nisanta garke da ɗakin kwana, a share ciyawa. Kowane dare ki duba yara: kai, hammata, matsematsi.

Idan zazzaɓi, ciwon kai ko haɓo ya biyo baya cikin mako biyu, ku tafi asibiti, ki faɗa wa likita zancen kaskar, don kada a ɗauka maleriya ce.