Me Ya Sa Tsuntsayen Oriyol Suka Daina Zuwa Bayan Gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Tun watan Disamba wasu tsuntsaye guda huɗu masu launin ruwan goro da baƙi, waɗanda maƙwabciyata ta ce oriyol ne na Baltimo, suke zuwa bayan gidana kullum da safe. Ina yanka musu lemu, ina zuba musu jam ɗin inabi, wato ruwan inabi da aka dafa da sukari har ya yi kauri. A tsakiyar Afrilu sai suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ko wani abu na yi musu ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba ki yi laifin komai ba. Ci-rani suka zo gidanki, lokacin komawa inda suke hayayyafa kuma ya yi.

Da ma yawancin oriyol na Baltimo ba sa yin hunturu a Amurka. Tun watan Yuli da Agusta suke fara gangarawa kudu, zuwa Meziko, Amurka ta Tsakiya, Kolombiya da Benezuwela. 'Yan kaɗan ne ke tsayawa a jihohin kudu maso gabas, irin su Karolina, Jojiya da Filorida, musamman a gidajen da ake ajiye musu abinci. Naki huɗun suna cikin waɗannan, kuma lemunki ya taimaka musu ƙwarai a kwanakin da sanyi ya kashe ƙwari.

Abin da ya tashe su shi ne tsawon yini. Idan rana ta fara daɗewa kafin ta faɗi, jikin tsuntsun yakan canza: ya ƙara cin abinci, ya tara kitse, ya kasa zama wuri ɗaya. Ko kwano nawa kika cika ba zai riƙe shi ba, kamar yadda shamuwa ba ta neman shawarar kowa kafin ta iso mana gab da damina. Da dare suke tafiya, shi ya sa kika wayi gari kawai ba ki gan su ba. Ki tuna tsuntsu ne da nauyinsa bai wuce giram 30 zuwa 40 ba, amma yana iya cin ɗaruruwan kilomita zuwa inda zai hayayyafa. Maza sukan riga mata isa da 'yan kwanaki, su kama bishiya, su yi ta rera kuka don kare wurin.

Can kuma abincinsu ma canzawa yake yi. Zaƙi yana ba da ƙarfin tafiya, amma ba ya gina jikin ɗan tsuntsu. Da an ƙyanƙyashe, iyayen sukan koma farautar tsutsotsi da ƙwari a saman bishiyoyi. Ina so wata rana ki ga sheƙarsu da idonki: macen ce ke saƙa ta da zaren ciyawa da na ɓawon itace cikin kamar mako guda, ta rataye ta kamar 'yar jaka can a ƙarshen reshe, iska na kaɗa ta da ƙwai uku zuwa bakwai a ciki.

Shawarata ita ce kada ki yi saurin sauke kwanon. Daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu ne waɗanda suka yi hunturu a can kudu suke ratsawa ta yankinku, a gajiye, da yunwa. Ki bar musu lemu rabi-rabi, ki riƙa canzawa kullum, domin idan zafi ya shigo yana saurin lalacewa, ga tururuwa da ƙuda.

Batun jam kuwa ina da damuwa a kansa. Cokali ɗaya ko biyu a ƙaramin murfi marar zurfi ya isa. Idan an cika babban kwano, zafin rana yakan narkar da shi, ya manne wa tsuntsu a gashi har tashi ya gagare shi. Kada kuma ki sayi mai zaƙin roba, wanda aka rubuta ba sukari a ciki, don ba abin da zai ƙara musu.

Idan kwana goma suka wuce ba wanda ya leƙo, ki wanke kwanonin da ruwan zafi ki adana. Ki sake fito da su a watan Oktoba, a daidai wurin da suke bana. Tsuntsayen nan suna riƙe wurin da suka ci abinci, kuma idan a cikin huɗun akwai ƙaramin namiji mai launin da bai nuna ba, kina iya ganinsa ya dawo da baƙin kai da ƙirji ruwan goro shar.