Tambaya da Amsa: Kantar tsakiyar kicin, a gina ko a haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna gyaran gida, maigida ya bar mini zaɓin tsarin kicin. Faɗinsa ƙafa 12, tsawonsa ƙafa 14, akwai kabat a jikin bango biyu masu fuskantar juna. Ina sha'awar kantar nan da ake ginawa a tsakiyar kicin, mai durowowi a ƙasa da dutse a sama, har da wurin wanke-wanke. Kafinta ya ce za ta shiga. In amince? — Wata mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki amince tukuna. Shiga dai za ta shiga, amma abin dubawa shi ne filin da zai rage miki bayan ta shiga, domin a cikinsa za ki riƙa kai da kawo kullum da tukunya mai zafi a hannu.

Ƙafa 12 kimanin santimita 365 ke nan. Kabat na ƙasa zurfinsa santimita 60, biyu sun cinye 120, saura 245. Tsakanin kanta da kabat ana buƙatar santimita 105 in mutum ɗaya ke girki, 120 in biyu ne. Ki cire 105 sau biyu, abin da ya rage wa kantar santimita 35 ne kacal, ko faranti babba ba zai zauna da kyau ba. Abin da kafinta zai yi shi ne ya matse hanyoyin zuwa santimita 75 ko 80, daga nan matsala ta fara: ƙofar oven in ta buɗe tana cin kusan rabin mita, durowa ma haka, firji kuwa sai ya tare hanya gaba ɗaya. Ke da mai taya ki aiki ba za ku iya wuce juna ba sai ɗaya ta manne da kabat.

Akwai mafita in kin yarda ki sadaukar da kabat na bango ɗaya. Sai lissafi ya zama 60 na kabat, 105 na hanyar aiki, 90 na kanta, saura 110 a bayanta. Ta tsawo kuma kanta mai santimita 150 za ta zauna da hanya ta kowane gefe. Sai dai ki lura: kin rushe kabat mai tsawon ƙafa 14 don ki samu mai ƙafa 5. In wurin ajiya kike nema, kin yi asara. In kuwa wurin yanka da jera kwanuka kike so, inda za ki fuskanci ƙofa maimakon bango, to cinikin na iya biya.

Kafin a yanka ko katako ɗaya, ki sa a zana kantar da alli a ƙasa, ki jera kwalaye a kan zanen har tsayin ƙugu, ki yi girki haka na mako guda. Ki kula da tafiyarki tsakanin firji da murhu da famfo. In kwalayen na sa ki zagaye duk lokacin da za ki ɗauko tumatir, kantar ma haka za ta yi, kuma ita ba ta ɗaguwa.

Batun wurin wanke-wanke kuwa, a nan kuɗi ke tafiya. Ruwa ba shi da wata hanya zuwa tsakiyar ɗaki sai ta ƙarƙashin daɓe, don haka dole a fasa tayil da kankare. Bututun shigo da ruwa ba shi da wahala. Na fitar da ruwan datti ne ke da sharaɗi: kaurinsa ya kai milimita 40 zuwa 50, kuma ya gangara kimanin santimita 2 a kowace mita har ya isa waje. In gangarar ta gaza, maiƙon miya da guntun tuwo za su daskare a ciki, kuma toshewar tana ƙarƙashin tayil ɗinki. Ki sa mai aikin famfo ya bar bakin sharewa a cikin kabat, ya sa lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa don hana wari dawowa, ya kuma sa bawul mai shigar da iska, tunda babu bango kusa da za a bi da bututun iska. Ba tare da shi ba, ruwa in ya zuba da ƙarfi yakan tsotse wanda ke cikin lanƙwasar, sai ki ji kicin na warin kwata. In kicin ɗin a saman bene yake, kada a sassaƙa dakin, wato kankaren benen, don binne bututu sai injiniya ya duba, saboda rodin da ke ciki shi ke riƙe da ginin.

Ra'ayinmu: ki bar famfo a jikin bango inda yake, ki yi kantar busasshiya. Abin da ya cancanci a fasa ƙasa dominsa shi ne wayar lantarki mai kaurin murabba'in milimita 2.5 a cikin bututunta, zuwa soket biyu a gefen kanta, don kada wayar injin markaɗe ta riƙa ratsa hanya.

Tambaya: Ni murhun gas nake so a ɗora a kan kantar, tukunyar gas kuma a ɓoye a kabat ɗin ƙasa. Akwai illa? — Wani magidanci daga Kaduna

Amsa: Akwai, Malam, kuma babba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo a rufaffen kabat ba ya tashi sama, ƙasa yake taruwa har ya gamu da tartsatsi. Tukunyar ta zauna a waje, cikin keji mai shan iska, a jawo bututun ƙarfe ko na tagulla, ba tiyon roba ba, kuma kada a binne mahaɗa ko ɗaya a ƙasa. A sa makunnin rufewa inda hannu zai kai.

Sai hayaƙi. Murhun tsakiya na buƙatar na'urar zuƙe hayaƙi da ke rataye daga silin, santimita 65 zuwa 75 sama da wuta, da bututun da zai fita waje. Silin na POP ba zai ɗauki nauyinta ba, sai an kafa ta a dakin ko a ƙarfen rufi. Fankar sama kuma dole ta tashi daga wurin, don tana karkatar da harshen wuta. A bar aƙalla santimita 30 na kanta a kowane gefen murhu, kuma in yara za su zauna a ɗaya ɓangaren, ka tuna man suya yana fantsama har can.

Ka kuma tambayi uwargida yadda take tuƙa tuwo. Tsayin kanta santimita 90 ne, ka ƙara tsayin tukunya, muciya ta koma daidai ƙirji, ƙarfin kafaɗa ba ya isa. Shi ya sa gidaje da yawa ke komawa ƙaramin murhu a ƙasa, kuma shi ma yana son filinsa, filin da kanta ta riga ta cinye.

Tambaya: Wane katako da dutse ya dace, kuma ta yaya za a sa kujeru? — Wata amarya daga Zariya

Amsa: Amarya, ki guji MDF, wato allon garin katako da aka matse, a ƙasan kanta, domin ruwan mofa yana kumbura shi. Filawud mai jure ruwa ya fi, a ɗora shi kan dandamalin siminti mai tsayin santimita 10, a ɗaure shi da ƙasa. Dutsen giranit mai kaurin santimita 3 yana kai kilo 80 a kowace murabba'in mita, don haka jikin kabat ya zama mai ƙwari. Kada a yi daka a kansa, turmi na ƙasa ne.

Kowace kujera tana son faɗin santimita 60, dutsen kuma ya zarce kabat da santimita 30 zuwa 38 don gwiwa ta shige. Duk abin da ya wuce 25 yana buƙatar ƙarfen tallafi a ƙasa, in ba haka ba ranar da yaro ya hau gefen zai tsage. In ɗakin bai kai faɗin ƙafa 12 ba, ki sa a yi kantar da gefe ɗaya ya manne da bango, ko tebur mai taya da birki wanda za ki ture gefe ranar girkin suna ko na salla.